Shin Kowa Zai Tsira a Lahira?



Shin kowa zai tsira a lahira? Wani malamin Kirista na Iskandariya, Orijin, ya yi fatan haka. A shekarar 543, taron limaman coci ya yi watsi da ra'ayin. Har yau ECWA da Katolika ba sa koyar da shi.

Dalilinsu na farko, nassi. A Matiyu sura 25, Yesu ya ce zai raba mutane kamar tumaki da awaki, kowa da makomarsa har abada. Na biyu, adalci. Ina hakkin wanda aka zalunta, in azzalumi bai tuba ba? Na uku, zaɓi. Allah ba ya tilasta wa mutum karɓar rahamarsa.

Jama'a, rahamar Allah tana da faɗi, amma tuba wajibi ce. Mu tuba tun muna da rai.