Wa Ke Yi wa Ma'aikacin Imajansi Gaisuwar Mutuwa?

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiya a Gudu, Abuja



Da aka ce mini a Gudu za a yi wannan zama, sai da gabana ya faɗi. A wurin yawancin mutanen Abuja, Gudu kasuwar kayan gyaran mota ce, ko kuma cunkoson hanyar Apo da yamma. A wurinmu malaman jinya na sashen agajin gaggawa kuwa, Gudu maƙabarta ce. Nan ake kawo da yawa daga cikin Musulmin da suka cika a hannunmu. Mu ne muke rufe musu ido, mu ɗaure musu haɓa, sannan mu wanke hannu mu juya ga na gado na gaba.

Wani dare da damina, wasu leburori suka shigo mana da ɗan'uwansu a kujerar bayan tasi. Mota ce ta kwashe shi yana tsallaka babban titi, ta gudu. Bai fi shekara 20 ba, da siminti a ƙafarsa. Muka yi ta danna masa ƙirji, ni da likita muna karɓa-karɓa, har hannuna ya mutu. Jinin da muka aika a nemo bai iso ba. Likita ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta faɗi lokaci, aka rubuta. A daidai nan wayar da ke aljihun yaron ta fara ƙara. Ƙaramar waya ce mai fasasshen gilashi, an ɗaure ta da kyauro, kuma sunan da ya fito a kanta shi ne "Inna". Ta tsinke, ta sake kira. Ban kai ga yanke shawarar ɗauka ba wani mutum ya daka mini tsawa daga bakin ƙofa, wai awa biyu ke nan matarsa na zaune ba wanda ya kula ta. Gaskiyarsa ne. Na ajiye wayar na tafi.

Abin da nake so in faɗa yau bai wuce wannan ba. Mu Hausawa mun iya mutuwa. Muna da zaman makoki, da sadakar uku da ta bakwai, da maƙwabta masu aiko da tuwo, da "ya haƙuri?" wadda ake amsawa da "haƙuri sai ma'aiki" ko "da godiya". Duk wannan tanadi domin dangi aka yi shi. Wanda mamacin ya cika a kan hannunsa, wanda jinin ya jiƙa wa riga, ba shi da tabarma a wannan zama. Idan aka yi mutuwa uku a hannunsa a dare ɗaya, uku zai haɗiye, ya hau mota ya koma Lugbe ko Mararaba, 'ya'yansa su tarbe shi da oyoyo.

Akwai ranakun da duniya ke tunawa da mu. Ranar 26 ga Agusta 2011 da aka tayar da bam a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya, da safiyar 14 ga Afrilu 2014 da tashar Nyanya ta kama da wuta, sama da mutum 70 suka rasu, an ga ma'aikatan Asibitin Ƙasa da na Asokoro da na Maitama a talabijin, manya sun zo dubiya. A shekarar 2014 ɗin ne aka buɗe cibiyar kula da masu munanan raunuka a Asibitin Ƙasa, kuma ta yi amfani ƙwarai. Sai dai ba irin waɗannan ranaku ne ke cinye ma'aikaci ba. Daren Talata da ba wanda ya san da shi, shi ke cinye shi, idan ya maimaitu shekara goma.

Mutuwar da ta fi ƙarfin magani ba ta cika hana mu barci ba. Rai na Allah ne. Wadda ke bin mutum har kan filo ita ce wadda ka san da an samu leda biyu ta jini, ko da tulun oksijin bai ƙare ba, da wataƙila ana nan ana hira da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta a ƙi karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wata doka ta 2017 kuma ta wajabta a duba mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Dokoki ne masu kyau, ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari. Amma da ƙarfe biyun dare, nas ne ke tsaye tsakanin abin da doka ta ce da kabad ɗin da ba komai a ciki. Shi zai yagi takarda ya rubuta safar hannu da allura da ledar ruwa, ya miƙa wa talaka ya ce je ka sayo. Idon da talakan zai dube shi da shi, shi kaɗai ya san nauyinsa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar da aiki ke jawowa da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, da janye zuciya daga aikin, da raguwar ƙwazo. Ta biyun ita ce jama'a ke gani su ce nas-nas ba su da imani. Ba na wanke wanda ya wulaƙanta mara lafiya, ko kaɗan. Na ga ana yi, kuma abin kunya ne. Amma na san mutanen da suka fara aikin nan suna kuka a bayan labule, yau fuskarsu kamar dutse. Babu wanda ya taɓa tambayarsu yaya suka kwana. Da sun buɗe baki sai a ce musu ai haƙuri ake yi. Haƙuri ibada ne, amma bai hana hawaye ba: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Ba mu kaɗai ba ne. Akwai mai jinya, uwa ko ƙanwa, mai kwana a tabarma a baranda sati uku, tana zubar da fo, tana ɓoye kukanta kada mara lafiya ya karaya. Akwai masu wankan gawa da masu haƙa kabari na nan Gudu. Da aka binne Malam Abba Kyari a wannan maƙabarta ranar 18 ga Afrilu 2020, lokacin korona, an yaɗa bidiyon wani mutum yana tuɓe farar rigar kariya ya yar a gefen hanya. Ƙasa ta ɗauka da zagi. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne: wa ya zaunar da shi ya koya masa yadda ake tuɓe ta, kuma wa ya kira shi washegari ya ji ko tsoro ya bar shi ya runtsa?

To me ke riƙe mu? Albashi dai kun san shi, kun kuma san abokanmu nawa suka tafi Ingila da Saudiyya. Ni abin da ke riƙe ni shi ne sanin cewa aikin nan tsoho ne mai daraja. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tantin jinyar masu rauni a Madina, a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana mai cutar Ebola fita daga asibiti a Legas, ta biya da ranta a watan Agusta 2014. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba a rubutawa a fayil. Na sha ganin abokiyar aikina Kirista ta ruga ta kira ni in laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada, domin kada ya tafi ba kowa a kansa.

Roƙona ga shugabannin asibitoci kaɗan ne, kuma bai cin kuɗi. Idan aka yi rashi a imajansi, a tsaya minti biyu a kan gawar, kowa ya yi addu'a irin tasa, babba ya ce wa ƙanana sannunku. A ware awa ɗaya a mako ta zama, ba don neman mai laifi ba, don kowa ya amayar da abin da ya haɗiya, har da masu shara da direban ambulan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin ta 1958, sai mu fara aiki da ita a kan ma'aikatanmu, a ba su damar ganin likitan ƙwaƙwalwa cikin sirri ba tare da ya shafi ƙarin girmansu ba.

Yaron nan mai waya, da na tashi aiki da safe na tarar abokansa huɗu ne kacal za su raka shi, domin danginsa na can ƙauye, ba kuɗin kai gawa. Na bi su zuwa Gudu, aka yi masa salla, aka rufe. Muna fitowa wani dattijo mai haƙa, da laka har gwiwa, ya ga takalmin asibiti a ƙafata, ya tambaye ni ko a hannuna ya cika. Na ce e. Ya goge hannunsa a riga ya miƙo mini, ya ce, "Malam, ya haƙuri? Allah ya ba ka ladan jinya." Shekarata 11 a aiki a lokacin, kuma ita ce gaisuwar mutuwa ta farko da wani ya taɓa yi mini.