Kashin da Botvinnik Ya Sha a 1960, da Abin da Ɗan Koyon Ces Zai Ɗauka

A shekarar 1960, a birnin Mosko, wani matashi ɗan shekara 23 daga Riga mai suna Mikhail Tal ya ƙwace kambun duniya na wasan ces daga hannun Mikhail Botvinnik, da ci 12½ da 8½. Botvinnik yana da shekara 48, kuma da yawa sun ɗauka tasa ta ƙare. Shekara na zagayowa suka sake zama, dattijon ya karɓe kayansa da ci 13 da 8.

Abin da ya faru tsakanin karawa biyun shi ne batun wannan takarda. Botvinnik, wanda injiniyan lantarki ne, ya zauna ya bi wasannin da aka cinye shi ɗaya bayan ɗaya. Ya lura cewa Tal ya fi ɓarna idan fili ya yamutse, inda zai ba da doki kyauta ya jefa abokin karawa cikin ruɗani. Sai ya shirya salon da zai toshe hanyoyi, a yi musayar sarauniya da wuri, a kai wasan ƙarshensa inda haƙuri da lissafi ke aiki. Gaskiya ne ciwon ƙoda ya dami Tal a 1961, amma ba shi kaɗai ya kayar da shi ba: Botvinnik ya taɓa yi wa Vasily Smyslov irin wannan ramuwa a 1958, bayan ya sha kashi a hannunsa a 1957.

Ɗan koyo na yau yana da kayan aikin da Botvinnik bai samu ba a wancan lokacin. A shafukan intanet na Lichess ko Chess.com, da an gama wasa, manhajar Stockfish za ta nuna masa inda ya yi kuskure cikin daƙiƙoƙi. A nan gizo ke saƙar. Manhajar tana faɗin motsin da ya fi, amma ba ta san abin da ke zuciyar mai wasa lokacin da ya kai hannu ba. Tsoro ne? Kwaɗayin cin soja ɗaya ne? Ko agogo ne ya tsaya masa a wuya?

Shi ya sa masu horarwa ke son ɗalibi ya fara bin wasan da kansa, kwamfuta a rufe. Ya rubuta abin da yake nufi da kowane muhimmin motsi, da abin da ya zaci abokin karawa zai mayar, da mintocin da suka rage masa. Sau da yawa zai tarar cewa asarar sarauniya a motsi na 30 ta samo asali ne tun motsi na 14, lokacin da ya bar sarkinsa a tsakiyar fili ya tafi farauta. Bayan nan ne zai buɗe manhajar ya gwada tunaninsa da nata.

Akwai kuma tsohuwar al'adar gasa, wadda wasan intanet ke neman kashewa: wanda ya ci da wanda aka cinye su mayar da 'ya'yan wasa mazauninsu, su bi takardar da dokar hukumar ces ta duniya, FIDE, ta wajabta musu rubutawa, kowa ya faɗi abin da ya gani. Wanda ke buga wasan minti uku a waya ba ya samun wannan zama, sai dai ya tilasta wa kansa tsayawa kafin ya danna sabon wasa, ya ajiye wasannin da ya faɗi wuri ɗaya, ya duba ko kuskure iri ɗaya ne ke ta maimaita kansa.