Yadda Baduku Zai Gyara Ƙarfen Huda Mai Araha

Wannan jawabi ne da editan jaridarmu ya yi wa ɗaliban ajin manya, masu koyon dukanci, a Unguwar Gano ta Ƙaramar Hukumar Tarauni, Kano. Mun kawo shi nan domin amfanin masu karatu na karkara.

  Na ga waɗansunku daga Gyaɗi-Gyaɗi suka tako. Waɗansu kuma sun rufe rumfunansu a kasuwar Tarauni, suka zo. Allah ya saka da alheri.

Yau maganarmu a kan wani ɗan ƙaramin ƙarfe ne. Shi ne ƙarfen huda mai haƙora, wanda ya yi kama da cokali mai yatsu. Ana ɗora shi kan fata, a buga, ya huda ramuka huɗu ko shida a lokaci guda. Sai allura da zare su bi ramukan.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana

Kwanakin baya wani ɗalibinmu ya zo mini da kuka. An ba shi aikin jakunkunan 'yan makaranta. Ya ciro daga ɗan jarinsa, ya sayi sabon ƙarfen huda. Da ya buga, ƙarfen ya shige, amma ya ƙi fita. Ya yi ta girgiza shi hagu da dama. Haƙori ɗaya ya karye, ramukan suka yage. Da ya kai aikin, mai kaya ya ce ɗinkin ya karkace, ya rage masa kuɗi. Ya ce da ni, "Malam, araha ba ta ado."

Na ɗauki guntun ƙarfen na kai wa wani tsohon baduku da wani maƙeri. Suka duba, suka ce ƙarfen ba shi da laifi sosai. Masu yin sa ne ba su gama aikinsa ba. Abin da suka koya mini, da abin da muka gwada a aji, shi zan faɗa muku yau.

Sana'armu tana da daraja

Ku sani, dukanci tsohuwar sana'a ce a Kano. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A shekarar 1851 wani Bature ɗan Jamus, mai suna Barth, ya zo Kano. Ya rubuta cewa ana fitar da takalman Kano masu yawa har zuwa Arewacin Afirka. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi kuwa, har Turai ta kai ta hanyar Sahara. Can suka riƙa kiran ta fatar Maroko, alhali daga wajenmu ta fito.

Iyayenmu da basilla suka yi wannan suna. Rami ɗaya-ɗaya suke hudawa, ido da hannu ne ma'auninsu. Basilla tana nan, ba a daina aiki da ita ba. Amma yau mai saye yana kwatanta jakarka da ta kanti. Yana son ɗinki a jere, tsakanin kowane rami da ɗan'uwansa daidai. Ƙarfe mai haƙora yana taimaka wa ɗan koyo ya sami wannan da wuri.

Me ke damun ƙarfe mai araha?

Akwai masu tsada da ake yi a Faransa da Ingila da Japan. Talaka ba ya iya sayensu. Waɗanda ke zuwa kasuwanninmu da araha, yawancinsu daga ƙasar Sin suke. Inji ne ke yanka haƙoransu, a zuba su a kwali ba tare da an goge su ba.

Ku ɗaga ƙarfen a rana, ku duba gefen haƙori. Za ku ga 'yan layuka a gicciye. Ku shafa farce a kai, za ku ji kaushi. Waɗannan layuka kamar haƙoran zarto suke. Su ne ke kama fata, su hana ƙarfen fita. Waɗansu kuma an shafa musu baƙin fenti, shi ma yana ƙara kamu. To, maganin abin shi ne a goge kaushin nan har haƙori ya yi sumul.

Tun wajen saye ake fara gyara

Kada ka karɓi ƙarfe a cikin leda ka wuce. Buɗe shi. Tsayar da haƙoran a kan madubi ko wani abu mai shafe. Dukkansu su taɓa ƙasa. In ɗaya ya fi sauran gajarta, ajiye, ka ɗauki wani.

Sannan ka karanta lambar da ke jikinsa. Za ka ga 3, ko 4, ko 5. Wannan lamba tana nufin milimita nawa ne daga haƙori zuwa haƙori. Lamba 3 ta dace da ƙananan kaya, kamar alabe da kuben wuƙa. Lamba 4 da 5 sun dace da jaka da gafaka da takalmi. Ka sayi mai haƙora shida don miƙaƙƙen layi, da mai haƙora biyu don kwana. Amma su zama lamba ɗaya. In ka haɗa 3 da 4 a aiki ɗaya, ɗinkin zai bambanta.

Kun ga amfanin karatun da kuke yi. Wanda bai san lamba ba, abin da aka miƙo masa shi zai karɓa.

Kayan da ake bukata

Kayan gyaran ba su da yawa. Ana bukatar samfefa baƙa, irin wadda masu fentin mota ke aiki da ita da ruwa. A bayanta akwai lamba. Ku nemi 400 da 800 da 1200. Ku riƙe wannan: ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba ita ce mai laushi. Sai tsohon kati na roba, da gam, da zaren auduga mai kauri. Sai man goge ƙarfe, da guntun fata, da tsumma, da kakin zuma.

Falle ɗaya na samfefa zai ishi mutum biyar ko fiye. Ku haɗa kuɗi a aji, ku saya, ku yanka ku raba.

Yadda ake gyaran

Na farko, yanka katin robar siri-siri, yadda zai shiga tsakanin haƙora. Manna masa samfefa mai lamba 400. Ɗiga ruwa kaɗan.

Na biyu, goga gefen haƙori daga gindi zuwa baki. Bi tsawon haƙorin, kada ka gitta. Ƙirga gugar da kake yi. In ka yi wa haƙori na farko ashirin, kowane haƙori ma ka yi masa ashirin. In ba haka ba, wani zai fi wani siranta, ramukanka su bambanta.

Na uku, kada ka ci tsinin haƙori. Kaushin gefe kake cirewa. In ka rage tsawon haƙori ɗaya, ba zai ƙara huda daidai da sauran ba.

Na huɗu, koma lamba 800, ka maimaita. Sannan ka koma 1200. Kada ka tsallake lamba don sauri. Kowace lamba tana share zanen da ta gabanta ta bari.

Na biyar, ɗaure zaren auduga a jikin ƙusa. Shafa masa man goge ƙarfe. Ja zaren ya miƙe, ka sa shi tsakanin haƙora, ka yi ta kai da komo. Zaren zai yi baƙi, ƙarfen kuma ya fara ƙyalli.

Na shida, shafa man a bayan guntun fata, wajen da ke da kaushi. Kwantar da haƙoran a kai, ka ja baya, kamar yadda wanzami ke yi wa aska. Kada ka tura gaba, zai yanke fatar.

Na bakwai, goge ƙarfen da tsumma sosai. Wannan yana da muhimmanci. Fatar da aka jeme da bagaruwa ba ta shiri da garin ƙarfe. In suka haɗu da laima, wurin zai yi baƙi. Ai kun san da ƙarfe ake haɗa kuloko, bakin rinin dukawa. To, garin ƙarfe ko tsatsa zai yi wa jar fatarka ɗigon baƙi da ba ya fita.

Daga nan sai gwaji. Ɗauki ɓarnar fata, ka buga. Ƙarfen da aka gyara yana shiga da bugu ɗaya ko biyu, ya fito ba gardama. In har yanzu yana kamawa, koma lamba 800. Aikin zai ci maka yamma guda. Amma sau ɗaya ne. Bayan haka sai ɗan shafawa a guntun fata lokaci-lokaci. Basillarka ma ka yi mata haka, za ka ji bambanci a hannunka.

Kada a kai shi injin washi

Wani zai ce, me zai hana in kai wa mai injin washi, ya gama mini nan take? Ina roƙonku kada ku yi haka. Haƙoran sirara ne, inji yana zafafa su nan da nan. Da zarar ka ga bakin ƙarfe ya koma shuɗi, ƙarfinsa ya tafi. Zai riƙa lanƙwashewa. Kuma dutsen inji yana cin ƙarfe da yawa, ba ya ci daidai.

Yadda ake aiki da shi

Gyara ba zai yi amfani ba in hannu bai iya riƙo ba. Yawancin haƙoran da ke karyewa, wajen cirewa suke karyewa.

Ka fara jan layi da rula, kamar milimita 3 ko 4 daga bakin fata. Ka shimfiɗa fata mai kauri ko roba a ƙarƙashin aikinka. Kada ka buga a kan siminti ko dutse ko ƙarfe. Ka yi bugu da gudumar itace. Gudumar ƙarfe tana fasa kan ƙarfen hudar.

Kafin ka buga, soka haƙoran cikin kakin zuma. Kakin yana sa su sulɓi. Tsayar da ƙarfen cak, kada ya jingina. In ya jingina, gaban aikin zai yi kyau, bayan ya karkace. In za ka ci gaba, sa haƙori na farko cikin ramin ƙarshe da ka huda. Haka tazarar za ta tafi daidai har ƙarshen layi.

Wajen cirewa, danne fatar da guntun itace kusa da haƙoran. Ja ƙarfen sama kai tsaye. Kada ka girgiza shi. In fatar mai kauri ce ƙwarai, kamar kirgi, kada ka tilasta. Buga kaɗan don ya yi alama, ka ƙarasa hudar da basilla.

In haƙori ya lanƙwashe ko ya karye

In haƙori ya ɗan lanƙwashe, miƙe shi a hankali da awartaki. Sau ɗaya zai jure. In ka yi ta lanƙwasa shi, zai ɓalle.

In na gefe ne ya karye, kada ka yar da ƙarfen. Share guntun da magagari. Mai haƙora shida ya zama mai biyar, aiki ya ci gaba. In na tsakiya ne, maƙeri zai iya rage shi ya zama mai biyu, na yin kwana.

In haƙoran suna lanƙwashewa kullum, ƙarfen ne mai taushi. Gwada shi da magagari. In magagari yana cin sa da sauƙi, kai wa maƙerin da ya saba yin aska da wuƙa. Shi ya san yadda ake gasa ƙarfe ya yi ja, a tsoma a mai, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi. Amma ku sani, ba kowane ƙarfe ke karɓar wannan ba. In maƙeri ya ce wannan ba zai yi ba, ka yarda. Yi alama da shi kawai, ka huda da basilla.

Ajiya da kiyaye lafiya

Da damina ƙarfe yana saurin tsatsa. Bayan aiki, goge shi, ka ɗiga masa man keken ɗinki. Ɗinka masa ɗan kube na fata, ai sana'arka ce. Kafin ka sake aiki, goge man, don kada ya ɓata fata.

Ƙarfen da aka gyara yana da kaifi. A ajiye shi nesa da yara, musamman ku iyaye mata da ke aiki a cikin gida. In ya soki mutum, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta. A je asibiti a nemi allurar rigakafin cutar nan mai sa haƙora su sarƙe. Kada a tura ƙasa ko toka a ciwon.

Ga mai son ƙarin ilmi, akwai cibiyar Gwamnatin Tarayya ta binciken fata da koyar da aikinta a Samaru, Zariya. Tana karɓar ɗalibai. Yaranmu da suka gama sakandare za su iya nema.

Aikin gida

Ɗalibin nan da na ba ku labarinsa ya rage ƙarfensa zuwa haƙora biyar. Ya goge shi kamar yadda na bayyana. Da shi yake aiki har yanzu. Ga ƙarfen nan, ga kuma wani sabo da ba a gyara ba. Gani ya kori ji. Kowa ya zo ya buga duka biyun kafin ya tafi.

Mako mai zuwa kowa ya zo da ƙarfensa da guntun fata. Ku rubuta lambobin nan uku a littafinku: 400, 800, 1200. Ku rubuta kuma lambar da ke jikin ƙarfenku. Wanda ya iya, ya koya wa maƙwabcinsa da yaran shagonsa.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya ba mu ciniki na halal.