Matan Illighadad da Jitarsu

A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar akwai wani ƙauye kusa da Abalak mai suna Illighadad. Can Fatou Seidi Ghali ta koya wa kanta kaɗa jita da ta yayanta, alhali a wajen Abzinawa jita ta maza ce. Kiɗan mata shi ne tende: turmi a ɗaure masa fatar akuya, a kife ƙwarya a kan ruwa, ga tafi ga amshi. Wanda ya san amadar marigayiya Barmani Choge ba zai ji baƙunta ba.

Fatou ta ɗauko waƙoƙin tenden nan ta ɗora su a kan jita. Ita da Alamnou Akrouni suka kafa ƙungiyar Les Filles de Illighadad, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da faifansu na farko a 2016, sai na biyu mai suna Eghass Malan a 2017. Muryoyinsu sirara ne, masu kaifi, ba na'urar gyaran murya da ta sa yawancin mawaƙanmu mata suka zama kamar mutum ɗaya. Sun yi wasa a Turai da Amurka, amma da wuya ka ji su a gidajen rediyon Kano.