Tambayar da 'Yar Aji Biyar Ta Yi Mana



Mun san hankalin kowa yana kan batun ƙarin girma da ke biye da mu, don haka ba za mu cinye muku lokaci ba. Mu malaman Hausa na firamare a Yalwawa mun zo ne da wata magana da ta taso daga fim, ta biyo yara har cikin aji.

A zangon da ya wuce muna koyar da tatsuniya a aji biyar, sai muka ɗauko Ruwan Bagaja. Ba littafin Abubakar Imam na 1934 ba, tsohuwar tatsuniyar da ya ari sunanta. Kowa a nan ya sha ta a bakin kakarsa. 'Yar mowa ta jiƙa kirgi da dare, aka ɗora wa 'yar bora laifin, aka tura ta wanki Ruwan Bagaja. Ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar, har Cinya da Kare, ta komo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawu da tsiwa, ta komo da kutare da makafi. Muna kaiwa ƙarshe, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ita 'yar mowa me aka yi mata ta zama haka?" Kusan shekara ashirin muna ba da labarin nan, ba a taɓa yi mana wannan tambaya ba. Kafin mu buɗe baki, aji ya ɗauka: "Kamar mai ƙahon nan ta fim!"

Da muka bincika, sai muka tarar fim ɗin shi ne Maleficent, wanda kamfanin Disney na Amurka ya fitar a 2014. Daga shagon masu tura fina-finai ya shiga wayar wani yaya, daga nan ya zaga gidaje. Yawancin yaran ba su ji Turancin ba, amma labarin bai ɓace musu ba. Asalinsa tsohuwar tatsuniyar Turawa ce, wadda Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697: an tsine wa 'yar sarki ranar suna, cewa mazari zai soke ta, ta faɗa barci mai kama da mutuwa, sai ɗan sarki ya zo ya tashe ta. Abin da fim ɗin ya ƙara shi ne dalilin mai tsinuwar. Aljana ce mai fukafukai, ta amince da wani saurayi, ya sa mata maganin barci, ya yanke fukafukan ya kai fada, aka ba shi sarauta. 'Yar da ya haifa ita ta tsine wa. Daga baya ta shaƙu da yarinyar, kuma da barcin ya zo, ɗan sarki ya gwada ya kasa. Ita mai tsinuwar ce ta tashe ta.

Sai muka bi masu kallo ɗaya bayan ɗaya. Yara maza sun fi son wurin yaƙi, kuma sun yi wa ɗan sarkin nan dariya har da riƙe ciki. 'Yan mata kuwa wurin yanke fukafukai suka tsaya, wasu sun ce sun yi kuka. Wani uba ya same mu a bakin makaranta ransa a ɓace, ya ce fim ne mai koya wa yara tausayin mayya da sha'awar sihiri. Mun saurare shi da girmamawa, domin kula da abin da ke shiga idon ɗa haƙƙin uba ne. Amma mun tuna masa cewa kogi yana magana a tatsuniyarmu, ƙwai ma yana magana, kuma ba wanda ya fito daga ɗakin kakarsa da ɓataccen imani. Wata gyatuma kuma ba abin da ya burge ta sai batun mazari, ta ce ashe Turawa ma sun yi kaɗi. Jikokinta ko sunan mazarin ba su sani ba.

Wadda ta fi tsaya mana a rai wata uwa ce da aurenta ya mutu. Ta ce ita ba ta ga mayya ba, mace ta gani wadda aka ci amanarta tana barci. Ba ta ƙara ko kalma ba, mu ma ba mu tambaye ta ba.

'Yan uwa, ba yabon fim ɗin ya kawo mu ba. A ganinmu yana da rauni, domin ya wanke mai tsinuwa da sauri, alhali jaririyar da aka tsine wa ba ta yanke fiffiken kowa ba. Tatsuniyarmu ta fi shi gaskiya wajen nuna cewa hali yana bin mai shi. Amma ya koya wa yaranmu tambayar da mu ba mu koya musu ba, kuma tambayar ta faɗo a kan ciwo. A kowane ajinmu akwai 'ya'yan mowa da 'ya'yan bora, wani lokaci 'yan uba a benci ɗaya. Daga baya muka gane cewa yarinyar da ta yi tambayar, uwarta ce ta gaban goshi a gidansu, kuma 'yan ubanta sukan jefe ta da tatsuniyar nan in an yi faɗa. Shekara nawa muka yi muna faɗa wa irinta, da bakinmu, cewa ƙarshenta kutare?

Ba mu ce a jingine Ruwan Bagaja ba, Allah ya kiyaye. Tatsuniyar an yi ta ne don lallashin ɗan da aka danne, kuma har gobe akwai shi. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya bai tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don mu bar su a kabad ba. Ga abin da muka yi. Mun raba wa yara takardu, muka ce kowa ya sake ba da labarin daga bakin 'yar mowa, ba tare da ya canza ƙarshensa ba. Wani ya rubuta cewa uwarta ce ta hana ta gaida mutane tun tana ƙarama. Wani ya ce tsoron duka ya sa ta yi shiru a kan kirgin. Ita kuwa mai tambayar ta rubuta cewa 'yar mowa ta so ta raka 'yar uwarta tun tafiyar farko, aka kulle ta a ɗaki.

Takardun talatin da ɗaya ne, suna nan a hannun sakataren reshe, mun cire sunaye. Muna roƙon kowane malamin Hausa ya ɗauki ɗaya ya karanta kafin ya fita. Wanda ya gwada wannan a ajinsa, ya zo mana da abin da ya samu a taro mai zuwa.