Ruwan Da Ya Shige Ƙasa Shi Ne Na Rijiya

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Godogodo

  

An ce in yi magana a kan rijiyoyinmu da suke ƙafewa da bazara, alhali nan ƙasar Jama'a Allah ya hore mana ruwan sama fiye da Kano da Katsina. To, jama'a, ina ruwan yake tafiya?

Mu ɗauki misalin Agadas a Jamhuriyar Nijar. Ruwan da suke samu a shekara bai kai milimita 200 ba. Amma suna da ƙorama mai suna Telwa, wadda take gangarowa daga duwatsun Azbin. Yawancin shekara yashi ne zalla. Idan aka yi ruwa a kan duwatsu, sai ta taso a guje, ta yi 'yan kwanaki ta wuce. Ƙarfinta ba wasa ba, don a watan Satumba na 2009 ta rushe gidaje da yawa. Amma a cikin waɗannan 'yan kwanaki ne yashin yake shanye ruwa, ya ajiye shi can ƙasa inda rana ba ta kai masa. Da shi masu lambu suke ban ruwa har rani ya fita.

A Nijeriya kuma, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu, ruwan rijiyoyin yankin ya yi ƙasa. Ashe ruwan da ya kwanta ya jiƙa ƙasa shi ne jarin rijiya.

Mu nan, ƙarƙashinmu dutse ne, ƙasar da take riƙe ruwa ba ta da kauri sosai. In aka sare itatuwan bakin rafi aka yi gawayi, aka kwashe yashi da tifa, ruwa ba ya samun wurin tsayawa. Kamar ɗan kasuwa ne mai cin riba da uwa, ko kwabo ba ya ajiyewa.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara uku. A kafa kwamiti ya zauna da masu unguwa da maƙwabtanmu 'yan ƙasa, tun da rafi ɗaya muke sha. A ware inda ba a ɗibar yashi. Kowane gida ya dasa itace a bakin rafi da damina mai zuwa.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka da zaman lafiya.