In Fitilar Motar Maigida Ta Dushe

Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma maganar raino ba. Ƙofar gida za mu leƙa, ko gareji ga masu shi, mu dubi tsohuwar motar maigida, musamman idanunta, wato fitilun nan biyu na gaba. Na san wata za ta ce, to ni da ba fita nake yi ba, ina ruwana da fitilar mota? Ai kuwa da ruwanki, 'yar uwa. Motar ce ke dawo miki da shi daga kasuwar ƙauye bayan isha'i. Ita za a saka ki a ciki da ƙarfe biyun dare in naƙuda ta taso. Wata ma da kuɗin adashinta aka sayi motar, aka ba direba yana haya yana kawo mata ciniki.

Bari in ba ki ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya tak. Idan fitilarta tana haska mita 50 a gaba, direba yana da daƙiƙa biyu da 'yan kai tsakanin ganin saniya a kan titi da isa gare ta. Idan fitilar ta dushe ta koma haska rabin haka, daƙiƙa ɗaya ke nan, wanda bai ma isa ƙafarsa ta kai kan birki ta yi wani abin kirki ba.

Abu uku ne a cikin fitilar mota. Akwai gilashin gaba, akwai ƙwai, akwai kuma wani kwano mai sheƙi a bayan ƙwan. Ki buɗe kan tocilarki ki duba, za ki ga ɗan ƙaramin irinsa. Shi ƙwai watsa haske yake yi ta ko'ina, kamar aci-balbal. Kwanon ne ke tattara hasken ya jefa shi gaba kan titi. Saboda haka in kwanon ya dushe, ko sabon ƙwai aka saka kullum, fitilar tana nan ja-ja kamar idon mai jin barci. Wannan ya fi samun tsofaffin motoci irin su Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, aka kuma shafe shekara talatin ana haɗa ta. Har yau akwai su a gidaje da tashoshi, da yawansu kuma da fitilun da aka haife su da su.

To ga inda nake son ki saurara da kyau, domin a nan ne mu mata za mu iya yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mu gwanayen goge kaya ne. A ba mu tire ko butar shayi da ta yi baƙi, mu sa toka da lemon tsami da soson ƙarfe, sai ta fito tana ɗaukar ido. Sai maigida ya ciro fitila ya ce, ke da kika iya goge kwanuka, ɗan goge mini wannan. Kada ki karɓa da wannan niyyar. Tirenki ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa, in kin kankare sama, na ƙasa ya fito sabo. Kwanon fitila ba haka yake ba. Baƙin ƙarfe ne, ko roba a wasu motocin, aka shafe shi da wani mai ya yi santsi, sannan aka saka shi a na'urar da aka zuƙe iskar cikinta, aka turara masa alminiyam, irin wanda ake ƙera tukunya da shi. Turare ne kawai ya zauna a kai. Kaurin wannan sheƙin, silin gashin kanki ya ninka shi sau ɗaruruwa. Ba maganar soson ƙarfe ko Brasso ko Vim ba, ko tsumma mai laushi kika dirza da ɗan ƙarfi zai bar zane, wani lokaci ma ki ga sheƙin ya biyo tsumman, ƙasan ya fito rawaya ko baƙi. In ya tafi kuwa ya tafi ke nan, babu gugar da za ta dawo da shi.

Abin da za a fara yi shi ne a gane ciwon. Da rana, a goge gilashin ta waje, a leƙa ciki. Idan kin ga kwanon ya yi hazo-hazo, kamar madubin ɗaki lokacin hunturu, amma sheƙin na nan a ƙarƙashi, to datti ne, kuma yana da magani. Ƙurar hunturu ce da hayaƙi suka shiga ta ramin ƙwai, galibi don robar da ke rufe bayan fitilar ta yage, ko wani ya canza ƙwai ya manta bai mayar da ita ba. Idan kuwa kin ga tsatsa ta ci ƙasan kwanon, ko sheƙin yana ɓarewa kamar tsohon fenti, ko wurin da ke saman ƙwai ya ƙone ya yi fari fat, wannan ya wuce wanki.

Wankin kuwa ruwa ne zai yi shi, hannu ba zai taɓa ciki ba. Maigida ko babban yaro ya kwance fitilar daga jikin mota, a cire ƙwan a ajiye. Kada a yi ƙoƙarin ɓamɓare gilashin daga kwanon, a irin waɗannan tsofaffin motocin manne suke, in an matsa sai gilashi ya fashe. A samo ruwan nan fari da ake ƙara wa batir, wanda aka tace ta hanyar tururi. A nan ki ja kunnen ɗan aike sosai: masu batir suna da ruwa iri biyu, akwai asid mai cin fata da tufafi, akwai tataccen ruwa. Tataccen ake so, ya faɗa wa mai shagon da bakinsa cewa ba asid ba. Dalilin da ya sa ba a son ruwan rijiya ko na famfo shi ne in ya bushe yana barin farin tabo, ga shi kuma ba damar gogewa. In ba a samu ba, ruwan sama mai tsabta da aka tara a fili, ba wanda ya wanko kwanon rufi ba, ya fi na rijiya.

Ki zuba ruwan ta ramin ƙwai kamar kofi guda, da ɗumi kaɗan, ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke digo ɗaya ko biyu. Ban da Omo, ban da bilic, ban da fetur ko kananzir. Ki toshe ramin da tafin hannu ki jujjuya a hankali, yadda kike ɗauraye kwalba. Ki zubar, ki sake. Sai ki yi ta ɗauraya da zallan ruwan har kumfa ya ƙare. Daga nan ki kifa ta, ramin yana kallon ƙasa, a inuwa inda iska ke ratsawa kuma ƙura ba ta kaiwa, ta kwana ɗaya ko biyu. Kada gaggawa ta sa a mayar da ita da laima a ciki, laimar nan ita ce uwar tsatsa. Ranar da maigida ba shi da tafiyar dare ya kamata a zaɓa.

Wajen mayar da ƙwai, kada a kama gilashinsa da yatsu. Ƙwan halojin zafi yake yi ƙwarai, maiƙon hannu in ya zauna a kai yana rage masa kwana. A riƙe shi ta gindin ƙarfen, ko da tsumma mai tsabta. A kuma tabbata robar bayan nan ta zauna daram, in ta yage a sayi wata, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Yanzu idan kwanon ya mutu fa? Za a sami mai cewa a fesa masa farin fenti mai ruwan azurfa, ko a manna takardar nan mai ƙyalli da muke naɗe kifi da ita. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba. Da rana za ki ga abu yana walƙiya ki ce an gyara, amma da dare hasken warwatsuwa zai yi, ya kashe wa mai tahowa ido, titin kuma yana nan da duhunsa. Sake turara alminiyam aikin masana'anta ne mai na'urar yin haka, ba na bakin titi ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a nemi wata fitilar, sabuwa ko ta hannu, a kasuwannin kayan mota irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Mai saye ya ɗaga ta a rana ya leƙa cikinta kafin ya biya. Ya kuma tambaya daga wace irin mota aka ciro ta. Tun 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, fitilar da aka ƙera don ƙasashen da ke bin hannun hagu, irin Ingila da Japan, ɗaga haske take yi ta ɓangaren masu tahowa, ta shiga idonsu.

Akwai kuma wata al'ada ta direbobi da nake son ki hana in kina da ikon magana. In fitila ta dushe sai a je a sayo ƙwai mai wat 100 a saka, alhali yawancin waɗannan motocin an yi su ne don ƙwai mai wat 60 da 55. Ƙarin zafin shi ke ƙona ragowar sheƙin, ya narka soket, ya gasa waya. Gara a kai wa mai wayarin ya duba, domin sau da yawa tsatsa ce ta kama wayar da ke haɗe da jikin mota, wuta ba ta isa ƙwan sosai.

Motocin da suka biyo baya, masu murfin roba maimakon gilashi, nasu ciwon daban: rana ce ke mayar da murfin rawaya ta waje. Wannan kam ana iya goge shi da makilin da jiƙaƙƙen tsumma, zai yi haske na 'yan watanni ya sake komawa. Amma waje kawai, cikin su ma ba a taɓawa.

In an gama an ɗaura, ga gwajin da za ki iya gani da idonki ba tare da kin taka waje ba, in motar tana shigowa cikin gida. Da dare a tsayar da ita a wuri mai daidai, tana fuskantar bango, taku goma sha biyu ko kusan mita 10 tsakani. A kunna fitilar kusa, wadda direbobi ke kira dim. Ya kamata hasken biyu su yi ƙarfi ɗaya, kuma bakin hasken na sama ya faɗi ƙasa da tsayin fitilar da kamar faɗin tafin hannu. In ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa, akwai sukurori a jikin fitilar da ake juyawa a daidaita.